Sabuwar Kwamfutar Maimunatu Mai-Tafireta

A Kaura Namoda in ka tambayi gidan Malam Zakariyya, sai an tsaya ana tambayarka wane daga ciki, don masu sunan suna da yawa a garin. Amma in ka ce gidan Maimunatu Mai-Tafireta, ko mai tallan fura za ta nuna maka da baki ba tare da ta sauke ƙwaryarta ba. Malam Zakariyya, mijin Maimunatu, bai taɓa jin haushin wannan ba. Cewa yake yi ai gara a san gida da mai sana'a da a san shi da mai faɗa.

A Zurmi aka haife ta. Mahaifinta tela ne, ta tashi tana jin ƙarar keken ɗinki tun daga hantsi har la'asar, shi ya sa duk abin da yake ƙara in an taɓa shi yana burge ta. Ranar da ta fara ganin tafireta a ofishin hedimasta, an aike ta ne ta kai alli, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yatsun akawu har aka tashi daga darasi. Ta sha bulala a kan haka, amma ta koma gida ta ce wa babanta ita ga ɗinkin da take so, wanda ake yi da baƙaƙe. Tsohon ya yi dariya, ya ce to, Allah ya sa albarka. Da ta gama makaranta ya kai ta Gusau wurin ƙanwarsa ta koyi bugu, daga nan ta sami aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kaura.

A nan ta haɗu da Zakariyya, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Aikinsa ba da hannu da juya layi, sannan shi ne mai shelar isowar jirgi da tashinsa, don Allah ya ba shi murya irin wadda ba ta buƙatar lasifika. Mutanen unguwar tasha suna cewa in Zakariyya ya yi atishawa, kajin ƙauyen Ɗan Isa sai sun watse. Shekarun da ya yi kusa da kan jirgi sun ɗan taɓa masa kunne, sai muryar ta ƙara ƙarfi, don shi a jinsa a hankali yake magana.

Maimunatu ta daɗe a kan tafireta har yatsunta suka fi ta sanin aikin. Lokacin da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, gari ya cika da murna, amma ita wata wahala ta same ta da ba wanda ya sani. Duk takardar da ta ɗauko, kafin ta ankara yatsun sun riga sun buga "Jihar Sakkwato" a samanta. Ta yi watanni tana shafa farin ruwan gyara tana hura wa takarda iska kafin hannun ya yarda an yi sabuwar jiha. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma, sai aiki ya ninku: sanarwa, takardun kwamitoci, jawaban wa'azi, duk ta gabanta suke bi. A cikin wannan hidima aka kawo kwamfuta ofishinsu, aka ajiye ta a kusurwa an lulluɓe da farin ƙyalle. Samarin akawu suka riƙa yi mata tsiya, wai kwanan tafireta ya ƙare, ta fara neman jarin ƙuli-ƙuli.

Wata rana da suka fita cin abinci ta ɗaga ƙyallen, ta duba madannan, sai ta ga kowane harafi yana nan inda ta san shi. Ta ce a ranta, "Ashe tafireta ce ta yi arziki." Ta roƙi ɗaya daga cikin samarin ya nuna mata yadda ake kunnawa da yadda ake ajiye aiki. Kafin shekara ta zagayo, ita ake kai wa duk takardar da ake so ta fita da sauri.

Da ta yi ritaya, ɗanta na fari Imrana, wanda yake aiki a Kaduna, ya kawo mata kwamfuta ta gwanjo don kada zaman gida ya gundure ta. Maimunatu ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan na Kaduna". Kwamfutar fara ce da ta koma ruwan ƙasa, mai ƙaton ƙeya, in an kunna ta sai ta yi gurnani da tari kafin ta buɗe ido. Malam Zakariyya ya sa mata suna Jirgin Kaya, wai ba ta sauri amma tana isa.

Intanet kuwa ta katanga ta shigo gidan. Maƙwabcinsu Safwan, wanda Maimunatu ta koya wa ɗora yatsu a kan tafireta tun yana ɗan sakandare, ya buɗe kafe, wato shagon shiga intanet, a shagunan ƙofar gidansu, ya kafa ƙaton faranti a kan rufi. Wata rana ya shigo da shuɗiyar waya a naɗe a kafaɗa, ya ce, "Inna, ba ya yiwuwa ina da ruwa a rijiya ke kina ƙishi." Ya tsallako da wayar ta kan katanga, ya bi da ita ta saman rumfa, ya zura ta tagar ɗakin da kwamfutar take. Ya zauna ya yi 'yan danne-danne, ya ce an gama. Ita a lokacin tana madafa tana turara dambu, ba ta ga abin da ya yi ba, ba ta kuma tambaya ba.

Daga nan ɗakin ya zama ofishin matan unguwa. Kafe wurin maza ne, a wancan lokacin kuma mace ba ta son a gan ta a tsakiyar samari tana jiran layi. Sai su zo wurin Mai-Tafireta: wannan mijinta yana karatu a Sudan tana son aika masa saƙo, waccan za a cike wa 'yarta takardar makaranta, wata kuma hoton jika aka turo mata daga Legas. Abin da ya fi jawo su shi ne bakin Maimunatu. Duk abin da ta gani a allon nan, a ɗakin yake kwana.

Cikin masu zuwa akwai Asta, Bafillatana daga wata ruga kusa da Badarawa, wadda aure ya kawo Kaura. Mijinta Jibrin yana sayar da maganin dabbobi a kasuwa. Da goyon 'yarta Alheri a bayanta ta shiga makarantar matan aure, ta yi ta fama har ta zauna jarrabawar kammala sakandare. Burinta ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, don ta ga yadda matan rugarsu suke shan wuya in haihuwa ta zo da gardama ga asibiti da nisa. Duk yammacin da ta sami sarari sai ta zo Maimunatu ta yi mata shifta da Turanci, ita kuma ta kawo mata man shanu a 'yar kwalba.

A daminar shekarar da Asta ta yi jarrabawa ne Jirgin Kaya ta gamu da ajalinta. An ɗauke wuta ana ruwa, da aka dawo da ita sai ta zo da ƙarfi. Maimunatu tana tsakar gida ta ji "fat", ta shiga ɗaki ta tarar da ƙauri da siririn hayaƙi yana fita ta bayan akwatin. Malam Zakariyya ya leƙo, ya shaƙi ƙaurin, ya cire hula ya ce, "Inna lillahi. Jirgin Kaya ta iso tashar ƙarshe." Mai gyara ya duba ya ce cikinta ya soye, sai haƙuri.

Maimunatu ta yi kwanaki ba ta jin daɗin gidan. Hannunta ya rasa abin yi, har ta ciro tsohuwar tafiretarta daga ƙarƙashin gado ta share ta. Da labari ya kai Kaduna, Imrana ya ce kada ta damu. Ba a daɗe ba direban motar haya ya yi sallama da kwalaye a ɗaure cikin buhu saboda ruwa: sabuwar kwamfuta baƙa wul, da allonta, da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, wadda aka rubuta a jikin kwalinta da babban baƙi, "Inna, don Allah ta nan za a riƙa jona ta."

Washegari da hantsi, ƙasa tana ƙamshin ruwan da aka kwana ana yi, Maimunatu ta shimfiɗa sabon ƙyalle a tebur ta jera kayan. Haɗa allo da madannai da linzami bai ba ta wuya ba, kowace waya da kalar raminta. Ta yi bisimilla ta danna. Kafin ta gyara zama allo ya haska.

Malam Zakariyya, wanda ya fasa zuwa gonarsa ta Ɗan Isa saboda laka, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe baki. "Kai! Wagga ko tari ba ta yi ba."

Saura intanet. Maimunatu ta ɗauko kan shuɗiyar wayar, ta leƙa bayan akwatin, ta ga ramuka biyu masu kama da juna. Ta gwada na farko, ya ƙi shiga. Ta san halin inji, abin da ya ƙi shiga da lalama ba a tilasta shi. Ta gwada na biyu, ya shige ya yi "ƙas", wata 'yar koriyar fitila ta kama ƙyaftawa a gefensa. Ta yi murmushi ta koma kujera ta buɗe shafin intanet. Allo ya tsaya fari fat, daga baya ya rubuto cewa ba a sami shafin ba. Ta sake gwadawa. Ta kashe ta kunna. Ta zare wayar ta hura ramin ta mayar. Shiru.

Tana cikin haka Asta ta yi sallama, ta shigo da sauri har mayafinta yana zamewa, hannunta riƙe da ɗan katin da ake kankarewa a duba sakamako.

"Malama, sun hito! Tun jiya anka ce sun hito. Baban su Alheri ya ce in ba shi katin shi kai kafe, ni ko na ce a'a. In na hwaɗi, ban son samarin kasuwa su riga ni ji."

"Zamna ki huta," in ji Maimunatu. "Ga sabuwa ta zo, amma ba ta san hanya ba tukuna. Bari a kira Safwan."

Sai a lokacin Malam Zakariyya ya tuna mata abin da ruɗanin kwamfuta ya mantar da ita: Safwan yana kwance. Ranar kasuwar da ta wuce ya je Kasuwar Daji ya sayo rago, ya ɗaure shi a bayan babur, suna cikin tafiya ragon ya yi wani yunƙuri, su duka suka zube a kwata. Ragon ko ƙwarzane bai yi ba, Safwan kuwa ya karye a ƙauri. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya kafa masa doka kada ya kuskura ya taka ƙasa. Wanda yake tsare masa kafe kuma karɓar baƙi kawai ya iya.

Asta ta dubi katin hannunta, idonta ya kawo ruwa. Maimunatu ta miƙe ta fita tsakar gida, ta tsaya jikin katanga ta ɗaga murya. "Safwan! Ya jiki?"

Daga can ƙarƙashin rumfar gidansu, inda aka shimfiɗa masa katifa, muryarsa ta taso sama-sama. "Da sauƙi, Inna. An ce baƙuwa ta iso."

"Ta iso, hitila na ƙyahtawa, amma ba ta buɗe komi."

"Ai sai an sa mata lambobi. Kowace kwamfuta da ke bisa layina tana da lamba tata, awa lambar gida. Bari in sa a ɗauko ni."

"Kul! In ƙahwar ga ta goce, mi zan ce ma uwarka? Hwaɗa min daga nan, ni in yi da hannuna. Dama wancan karon ka yi abinka ban gani ba."

Matsalar ita ce daga inda Safwan yake kwance ba a jin maganarsa a cikin ɗakin kwamfuta, ita kuma ba za ta iya zama a wuri biyu ba. Malam Zakariyya ya gyara tsayuwa, ya ce ai wannan aikinsa ne tun kafin a haifi Safwan. Ya mirgino turmi ya kifa shi a gindin katanga, ya tattare riga ya hau, kansa ya leƙa gidan maƙwabta. Matan gidan su Safwan suka ja mayafi suna dariya.

"To ɗana, ba da hannu, jirgi na jira!"

Safwan ya ce a danna maɓallin da ke ƙasa ta hagu, a shiga kwantirol fanel. Malam ya juyo ya kwarara murya har tantabarun gidan suka tashi: "Ya ce ki danna na hagu, ki kira kwantirola!"

Maimunatu ta gane abin da ake nufi, ta shiga. Aka ce ta nemi inda aka zana kwamfutoci biyu da waya a tsakaninsu, ta samu. Safwan ya ce ta danna linzami ta dama, ta zaɓi furofatis.

Malam ya sa hannu a bayan kunne. "Mi kac ce?"

"Furofatis, Baba!"

"Ya ce ki zaɓi hwarhwesu!"

Asta, wadda tun ɗazu fuskarta take a ɗaure, ta fashe da dariya har ta kifa kai a gwiwa. Maimunatu ta share hawayen dariya da gefen zane, ta danna abin da ya dace. Wani ɗan akwati ya buɗe mai layuka da ɗigo-ɗigo, babu komai a ciki.

Aka shiga karanto lambobi. Safwan ya faɗa, Malam ya shelanta, Maimunatu ta buga, Asta tana tsaye a bayanta tana maimaitawa a hankali. Layin farko lambar kwamfutar ce, kashi huɗu, ɗigo a tsakanin kowane. A kashi na ƙarshe Malam ya ce, "Sha biyu!" ta buga sha biyu. Layi na gaba ya cika kansa da kansa. Na uku Safwan ya ce shi ne ƙofar da kowa yake bi ya fita waje, lambar babbar na'urar kafe ke nan, in babu ita kwamfuta tana cikin gida ne a kulle. Maimunatu ta sa aka maimaita mata wannan bayani, don so take ta fahimta, ba ta buga kawai ba. Aka cike sauran, ta danna amincewa.

Wani ɗan saƙo ya ɓullo a ƙasan allo ya ɓace kafin ta gama karanta shi. Ta buɗe shafi. Ya yi jim, sai ga rubutu da hotuna suna saukowa.

"Ta kama!" in ji Asta.

"Jirgi ya tashi!" Malam ya sanar da gidaje huɗu.

Asta ta ciro tsinken tsintsiya ta fara kankare katin. Maimunatu ta shiga shafin hukumar jarrabawa, ta fara buga lambar Asta, sai shafin ya tsaya. Ya dawo, ya sake tsayawa. Ɗan saƙon nan ya kuma ɓullowa, wannan karon ta karanta shi: wai akwai wata kwamfuta a layin mai lamba irin tata.

Ba ta gama faɗa wa Malam ba suka ji sallama a zaure, irin sallamar da ke ɗauke da ƙorafi. Alhaji Idi ne, dillalin fatu daga Shinkafi, wanda yakan biyo ta kafen Safwan in ya shigo Kaura. Tun safe yake zaune yana rubuta wa abokin cinikinsa na Kano saƙo da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsaba, ya kusa gamawa sai layi ya yanke, saƙon ya bi iska. Mai tsaron kafe ya ce masa shi bai san komai ba, amma tun da aka fara ihun lambobi a bayan gida abin ya lalace.

"Malam Zakariyya," in ji Alhaji Idi daga zaure, "dut lambobin ga da kake ta shela, ashe wasiƙata kake kora?"

Malam, yana kan turmi, ya mayar wa Safwan da magana. Safwan ya tambayi wace kwamfuta Alhaji yake kai. Aka ce ta jikin taga. Ya dafe kai. "Waccan ita ce sha biyu! Baba, sha biyat nac ce. Ta Inna sha biyat ta!"

"Sha biyu kac ce, ɗana."

"Wallahi sha biyat."

"Ni da nike jin usur ɗin jirgi tun daga Gusau, ni za a ce ban ji ba? Zahin ƙahwa ne ya karkata maka harshe."

Maimunatu ta bar su suna musu. Ta koma ta bi hanyar da aka bi da ita ɗazu, ba wanda ya faɗa mata ko ɗaya: maɓallin hagu, kwantirolan Malam, kwamfutoci biyu, farfesu. Ta goge biyu ta sa biyar. Ta buɗe shafi, ya zo tsaf, bai sake tsayawa ba. Sannan ta yafa mayafi ta fita bakin zaure ta gaida Alhaji Idi, ta ba shi haƙuri.

"Alhaji, laihinmu ne. Ka zamna ga tabarma, a kawo maka hura. Akwai wadda ta riga ka layi, in na gama da ita ka hwaɗi wasiƙarka da baki, ni in buga maka."

Alhaji ya ce in dai ba shi zai sake farautar baƙaƙen nan ba, ko zuwa azahar zai jira.

Ta koma ɗaki ta saki labule. Ta buga lambar jarrabawa, Asta ta karanto lambar kati, ta buga. Shafin ya ɗauki lokaci, don duk ƙasar a ranar kowa shi yake nema. Asta ta juya wa allon baya, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Malama, ke duba. In ba kyau, ki ce min in tahi gida kawai."

Maimunatu ta gyara tabarau ta bi layukan da yatsa. Ta sake bin su daga sama, don tana so ta tabbata.

"Juyo, Asta. Lissahi kin ci. Kimiyyar halittu kin ci da kyau. Turanci da ƙyar kika tsallake, amma kin tsallake. Guda ɗaya ce ta kā da ke, labarin ƙasa, kuma makarantar lahiya ba ta tambayar ta."

Asta ta juyo a hankali, ta duba da idonta, ta ga sunanta a sama. Ta durƙushe a wurin ta ce, "Mi yetti Alla," wato "na gode Allah" da harshen iyayenta, sannan ta rungume ƙafafun Maimunatu tana kuka tana dariya. Matan gidan su Safwan ba su jira bayani ba, da suka ji kukan suka gane irinsa ne, ɗaya ta rangaɗa guɗa ta kan katanga. Malam Zakariyya ya buɗe baki zai yi shela, Maimunatu ta leƙo ta taga ta ɗaga masa yatsa. Ya haɗiye maganar, ya sauko daga turmi yana cewa shi dai bai ce komai ba.

Saura wasiƙar Alhaji Idi. Ya zauna a zaure yana faɗa, Malam yana tsaye a tsakar gida yana miƙawa, Maimunatu tana bugawa, kafin ya gama shan fura an gama. Amma sai an shiga akwatin saƙonsa kafin a aika, shi kuma yana da kalmar sirri. Alhaji ya jawo Malam kusa, ya raɗa masa a kunne, ya ce ya je ya faɗa mata a hankali. Malam ya gyaɗa kai, ya taka zuwa bakin taga, ya sunkuya, ya yi abin da shi a wurinsa raɗa ce:

"Ya ce TUNKIYA!"

Daga bayan katanga Safwan ya yi dariya har ya koma salati saboda ƙafar ta motsa. Da ya sami numfashi ya ce, "Alhaji, in ka koma kafe ka canza ta, don yanzu har masu shayi sun ji."

Alhaji Idi da kansa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Tun daga ranar kuma bai sake zama ya yi fama da yatsa ɗaya ba. In ya shigo Kaura sai ya rubuto abin da yake so a takarda ya aiko, ya haɗo da ƙunshin kilishi ko buhun albasa.

Asta ta sami shiga makarantar lafiya a shekarar da ta biyo. Da ta gama aka tura ta ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyensu, inda matan ruga suke zuwa su yi mata bayanin ciwonsu da Fillanci ba tare da tafinta ba. Safwan ya warke, sai ɗan ɗingishi in sanyi ya yi yawa. Shi da Malam Zakariyya ba su taɓa daidaitawa a kan wanda ya yi kuskuren lamba ba, kowa ya tsaya a kan bakansa.

Maimunatu kuwa ta ƙaru da sabuwar sana'a ba tare da ta nema ba. Labari ya bazu cewa Mai-Tafireta ta iya haɗa kwamfuta da layi, sai matan da mazansu suka sayo musu kwamfuta, ko shugabannin makarantun 'yan mata, suka riƙa aikowa a ɗauke ta. Ta je Shinkafi, ta je Zurmi garinsu, da guntuwar waya a jakar hannu tare da carbi da goro. Sharaɗinta ɗaya ne duk inda ta je: ba ta taɓa linzami. Mai kwamfutar ce za ta zauna a kujera ta danna da hannunta, ita tana tsaye a baya tana faɗa. In an gama sai ta sa a goge komai a sake daga farko.

A Zurmi wata malamar makaranta ta gaji da maimaitawa, ta ce, "Inna, ai ga ki nan, in ta lalace sai mu aika a kira ki."

Maimunatu ta gutsuri goro, ta ja kujera ta zauna a gefe. "Motar Kaura ba kullum take zuwa da wuri ba, ɗiyata. Goge ki sake."